Yadda Muka Hau da Inna Dutsen Shafa

Na san abin da ake faɗa a gidajenku. Ba a faɗa a gabana don an san bakina, amma yana iso ni. Wai Rabi ce ta ɗauki tsohuwa tukuf ta kai ta yawon shan iska kan duwatsu, sanyi ya kama ta, aka dawo da ita a kwance. Har jikata, wadda Hausar ma da ƙyar take haɗa ta, ta tsare ni da Larabci tana tambaya wai da gaske ne ni na jawo ajalin Inna. To ku zauna ku ji daga bakina, ku da na haifa da ku 'ya'yan Yaya Usman. Ni ce nake wurin, kuma ko yau aka mayar da ni wannan shekarar, abin da na yi shi zan sake yi.

Inna ta zo Makka tana amarya, ita da Baba, daga wani ƙauye a gindin dutse a ƙasar Zazzau. Ta ƙasa suka zo, su yi tafiya su tsaya su yi noma a gonakin mutane, har suka haye teku. Da suka sauke farali ba su koma ba. A unguwar Nakkasa ta haife mu, Yaya Usman ne fari, ni ce auta, na tsakiya duk Allah ya karɓi abinsa suna ƙanana. Niyya ɗaya Inna ta riƙe a duniya: a Makka za ta mutu, a sallace ta a Harami, a rufe ta a ƙasar garin. Ku da kuke kwana Jidda yau gobe Riyad ba za ku gane nauyin wannan ba. Tsofaffinmu sun bar uwa da uba da gona saboda shi, don haka ba sa wasa da shi. Tun da Baba ya rasu Inna ba ta sake kwana a wajen gari ba. In biki ya kama a Jidda za ta je da safe, amma la'asar na yi za ka ga ta yafa mayafi ta tsaya bakin ƙofa, ko an kawo amarya ko ba a kawo ba. Likkafaninta kuwa tun ina budurwa ta saya, ta wanke shi da zamzam, ta ƙulle a wani tsohon zane ta tura ƙarƙashin gado.

Shekarar da rusau ya kai layinmu, Yaya ya ɗauke ta ya mayar gidansa a Utaibiyya, shagga ce, wato sashe a hawa na sama na gidan bene. Gaskiya ɗaya ce, babanku Usman bai gaza mata ba. Ya ba ta ɗaki mafi kyau, ya sa sabon mukayyif mai sanyaya ɗaki, matarsa na dafa mata duk abin da ta san tana so. Sai dai a Nakkasa gidanmu a can saman tudu yake. Inna ta saba ta zauna bakin ƙofa gari na ƙasa da ita, mai wucewa ya gaishe ta, ta yi wa yaran unguwa faɗa, ta aiki wannan ta kori wancan. A Utaibiyya tagarta bangon wani gini take kallo. Daga safe har yamma ba abin da take ji sai gurnanin mukayyif. Ta fara rage cin abinci, ta rage magana, har ta kai in na je na zauna kusa da ita sai dai ta riƙe hannuna kawai. Likita ya duba ya ce ba wata cuta sai shekaru, a riƙa fita da ita ta sha iska. Wace iska? Tsakiyar zafi ake, irin wanda in ka taɓa ƙarfen ƙofa sai ka yarfe hannu.

Maigidana, Malam Idi, direba ne, kun sani. Ya saba kai masu gudun zafi Ɗa'ifa, kuma ya san wani gida a ɗan ƙaramin ƙauye kusa da Shafa inda ake ba da ɗakunan ƙasa ga baƙi. Wata rana mun je gaida Inna, yana zaune can nesa kansa a ƙasa kamar yadda suruki ke yi, yana ba Yaya labarin wurin. Ya ce gonakinsu hawa-hawa suke a jikin dutse, kuma jiya da ya baro ana zuba ruwan sama. Inna da muka ɗauka barci take yi sai ta buɗe ido.

"Ruwa a gona?" in ji ta. "Ƙasar ja ce ko baƙa?"

Malam ya ce wallahi bai lura ba. Ta ce, "Direba ke nan. A je wuri ba a dubi ƙasa ba." Wannan ita ce doguwar maganar da ta yi a watan gaba ɗaya, kuma ni na ji ta har cikin raina. Da maza suka fita na matsa kusa da ita na ce ko za ta je ta duba da kanta. Can ta tambayi nisan wurin, na ce in an fita bayan asuba, kafin rana ta yi zafi an isa.

"Ina so in gani, Rabi," ta ce. "Amma ki ɗora hannunki a nan. In kika ga alama, ko wace iri ce, ba asibitin kowa, ba jiran kowa. Ki sauko da ni gida da raina."

Na ɗora hannuna a ƙirjinta na ce na yi alkawari.

Yaya kuwa da ya ji, sai da maƙwabta suka san ana magana a gidan. Ya ce ban da hankali. Ya ce matar da ta tsare niyyarta shekara da shekaru, ni zan zo a ƙurarren lokaci in ɓata mata saboda kallon duwatsu.

"In ta cika a can fa?" ya ce. "Me za ki ce mata ranar gobe?"

Na ce, "Yaya, a nan ɗin ma ai tafiya take yi, kana kallo. Ka fi so ta ƙare tana kallon bango?"

Ya ce bangon ai na Makka ne. Na ce ita ta ce tana so. Ya shiga ya tambaye ta. Inna ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne, ko kallonsa sosai ba ta yi, don haka ta juya fuska gefe ta ce, "A gaya wa mai gidan nan kwana kaɗan zan yi." Ya fito idonsa jawur, bai rako mu ko bakin mota ba.

Yanzu bari in ba ku dariya, don tafiyar ba duka kuka ba ce. Mu 'yan Makka ne, abin da muka sani game da tafiya shi ne a guji zafi. Na cika kula da ƙanƙara, na ɗauki mafici, na ɗauki 'yar fanka mai caji, na zaɓar wa Inna riguna marasa nauyi. Malam da ya san wurin bai ce mini uffan ba, shi da yini kawai yake yi ya juyo. Bargo ko ɗaya babu a motar. Inna kuma ba ta yarda ta shiga ba sai da aka ɗauko ƙullin nan na ƙarƙashin gado aka ɗora mata a cinya. Muka kama hanyar Hada, mota na nannaɗe dutse, kunnuwana suna toshewa. Birai suka fito bakin titi, manya da 'ya'yansu a baya. Wani ƙato ya dira kan motar ya leƙo ta gilashi, Inna ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Kai, ka yi kama da wani mai awon hatsi na garinmu." Malam ya yi dariya har sai da ya rage gudu.

Mai gidan da muka sauka wata dattijuwa ce, Ummu Sa'ad, gajeriya mai ƙarfin hannu. Ta ga muna sauke kular ƙanƙara da fanka, ta riƙe ƙugu ta ce, "Ya jama'a, ina kuka ɗauka kuka zo?" Ban gane nufinta ba sai bayan la'asar, da hazo ya taso daga kwari ya shigo har tsakar gida, haƙorana suka fara haɗuwa. Ni da na zo da mafici! Ta aiko mana da barguna masu nauyi, ta kawo wa Inna rigar ulu ta marigayi mijinta da safa. Haka Inna ta zauna cikin rigar namiji har gwiwa, tana shan shayi mai na'ana'a, tana cewa rabonta da jin sanyin Allah, ba na inji ba, tun tana yarinya.

Ƙauyen gida kaɗan ne, masallacinsu bai fi falon Yaya ba. Amma daga nan ko'ina kusa ne, shi ya sa muka mai da shi masauki. Kullum da hantsi Malam zai fito da mota mu nufi wani wuri, mu dawo kafin hazo. Mun je gindin Dutsen Daka inda itatuwa suka rufe hanya. Mun je wani ƙauyen da aka bari, gidajen duk na dutse, inda Inna ta sa aka tsaya ta shafa bangon ta ce maginin ya san aikinsa. Mun je wurin masu zuma, ta ɗanɗana ta ce ta yi, amma ba ta kai ta garinsu ba. Wanda ba zan manta ba shi ne wani bakin gangare inda dutsen ya yanke tsaf, ƙasa ta tafi can ƙasa har ido ya gaza. Muka zaunar da ita a kujera. Gajimare na yawo a ƙasa da ƙafafunmu. Ta ƙare wa wurin kallo, sannan ta ce, "Ashe haka Allah ya ajiye abu a bayan gidanmu, ni ina can ban sani ba." Ko'ina muka je, kafin ta zauna sai ta tambayi Malam ta ina Makka take, ya nuna, ta sa a juya kujerar.

Abinci kuwa, Inna da ake lallashi ta sha cokali biyu na kunu, ita ce ke tambaya ko da sauran gurasa. Ta ci ɓaure daga bishiya, ta ci inabi, ta ci barshumi, 'ya'yan ƙayar nan da ake ferewa a bakin hanya, har na ce ta bari haka kada cikinta ya ɗaure. Ta ce in rufa mata baki, ba ni na haife ta ba. Ita da Ummu Sa'ad suka ƙulla ƙawance. Larabcin Inna na kasuwar Makka ne, na waccan na mutanen dutse, rabi suna ganewa rabi suna dariya. Wata rana aka yi ruwa da azahar. Da ya ɗauke, Inna ta ce a kai ta gonar bayan gida. Ta sa na cire mata safa, ta taka jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙafarta, ta damƙo ta shinshina. Ta karɓi 'yar fartanyar Ummu Sa'ad ta yi sara uku ko huɗu a gindin rumman, numfashinta ya ƙare, ta miƙa mata abarta. Ta juyo ta ce wa Malam, "Baƙa ce. In an sake tambayarka ka sani." A ranar ne Ummu Sa'ad ta ba ta kwalbar ruwan wardi na gonarsu. Inna ta tura ta cikin ƙullin likkafani ta ce mini in an zo yi mata wanka a zuba.

Masu cewa wannan taka ƙasar ce ta kama ta, su je su yi ta faɗa. Allah kaɗai ya sani. Abin da na sani shi ne, muna shirin cika mako ta tashi da tari da zazzaɓi, kafin hantsi numfashinta ya fara yin sama-sama. Malam ya tayar da mota ya ce asibitin Ɗa'ifa na nan kusa, mu nufi can. Ummu Sa'ad ma ta ce haka. Na buga wa Yaya, ya ce in sauko da ita yanzu-yanzu, ya kashe wayar. Ni kuma ga ni tsaye, na san asibiti na kusa zai iya ba ta sauƙi, na kuma san in suka kwantar da ita suka sa mata robobi ba mai sake ba ni ita. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Na durƙusa na ce, "Inna, asibiti na kusa, ko gida?" Ta kamo hannuna ta ɗora a ƙirjinta, daidai inda na ɗora ranar alkawari. Na miƙe na ce wa Malam Makka za mu. Ya ce, "Rabi, ki yi tunani." Na ce na gama tunanina tun a Utaibiyya, ya ja mota.

Muna baya ni da ita, kanta a kafaɗata, an naɗe ta cikin bargon Ummu Sa'ad. Mun wuce Ɗa'ifa, mun kusa fara gangara, sai ta buɗe ido ta ga masallacin mikati a gefen hanya, inda masu shiga Makka daga wannan ɓangaren ke ɗaukar harami. Ta ce a tsaya. Na ce, "Inna, don girman Allah, ba lokaci!" Raina ya ɓaci sosai, har na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba.

"Ke ba ki da hankali," ta ce, da ƙyar maganar ke fita. "Sau ɗaya na taɓa shigowa garin nan daga nesa, ina yarinya. Yau Allah ya sake ba ni, in shiga haka kawai kamar buhun shinkafa?"

Malam ya tsaya. Ba ta iya alwala ba, sai ya ɗauko wani dutse a gefen titi ya miƙo, ta yi taimama a kansa. Ta yi niyyar umara. Mace ba ta da wasu tufafin harami, don haka a cikin rigar ulun mijin Ummu Sa'ad Inna ta yi harama. Muka kama gangara tana Labbaika a hankali, in numfashi ya yanke ta yi shiru, in ya dawo ta ci gaba. Da ta gaji ni da Malam muka karɓa, shi yana tuƙi hawaye na zuba a gemunsa. Ban san tsawon hanyar nan ba sai ranar. Duk kwana ɗaya da motar ta sha sai na sa kunne a bakinta. Da muka sauka ƙasa zafi ya buge mu, na yaye bargon. Da muka wuce alamar iyakar Harami na ce, "Inna, mun shigo." Ta matse hannuna ta ce, "Na ji. Zafin ya gaya mini."

A asibitin Makka ta yi kwana biyu. Yaya na gefe ɗaya na gadon, ina ɗaya gefen, ba mai kallon wani. Ba ta samu yin ɗawafi ba. Ta cika da hantsi, a cikin garin da ta zaɓa, aka ce za a sallace ta a Harami bayan la'asar.

Wurin wanka na shiga tare da mai wankan, na kwance ƙullin, na fito da likkafani da kwalbar wardi. Ina shirin buɗewa sai na tuna, na gaya wa matar cewa Inna ta yi harama a mikati kuma ba ta sauke ba. Matar ta dakata, ta karɓi kwalbar daga hannuna ta ajiye gefe. Ta ce wanda ya rasu da harami ba a sa masa turare, haka ake barinsa, domin da Labbaika a bakinsa zai tashi. Ta dubi fuskar Inna ta ce, "Masha Allah, ya Hajja, wa ya ba ki wannan?" Nan ne kukan da na riƙe tun daga kan dutse ya ƙwace mini. Da na fito, Yaya na tsaye a bakin ƙofa, ya ga kwalbar a hannuna a rufe, ya ce me ya sa ba a sa mata ba. Na gaya masa. Ya juya ya bi masu ɗaukar makara.

Kada ku ɗauka shi ke nan aka shirya. Fiye da shekara Yaya bai taka gidana a unguwar Zahir ba. Sallah ta zo ta wuce, sai dai ya aiko ku. Abin ya ci ni ƙwarai, don duk duniya shi kaɗai ya rage mini wanda muka fito ciki ɗaya. Amma ban je ba shi haƙuri ba, domin ban ga laifin da na yi ba, kuma har yau ban gani ba. A wannan shekarar ne maganar da kuke ji ta samo asali, kuna yara kuna tsintar ta a bakin manya.

Wata ranar Juma'a, zafi ya dawo, na ji sallama. Yaya ne, ya rame, ya fara dogara sanda. Ya zauna ya sha ruwa, muka gaisa kamar baƙi. Ya yi ta juya hularsa a hannu, can ya ce, "Da gaske ta ci abinci a can?" Na ce ta ci har na hana ta. Ya ce ta yi dariya? Na ba shi labarin biri mai kama da mai awon hatsi. Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ya rufe fuska da hular. Na tashi na ɗauko kwalbar wardin, yadda take ba a taɓa buɗewa ba, na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallonta.

"Malam Idi na nan da motarsa?" ya ce. "Ina so in ga inda ta zauna." Sai a lokacin na lura da ɗan ƙullin da ya shigo da shi ya ajiye a gefen ƙafarsa. Ban tambayi abin da ke ciki ba, na sani. Ya ce, "Amma sai kin yi mini irin alkawarin da kika yi mata."

Na ɗora hannuna a ƙirjinsa na ce, "Na yi, Yaya. Sai dai ka taho da bargo."